Me Ya Sa Garambawul Ba Ya Kama Ma'aikatunmu?

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 26 ga Fabrairun 2024 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a aiwatar da rahoton kwamitin Stephen Oronsaye, wanda aka miƙa wa gwamnati tun 2012. Rahoton ya ƙirga hukumomin gwamnatin tarayya 541, ya kuma ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Kafin shi an yi Hukumar Udoji a 1974, da garambawul na Dotun Phillips a 1988, da kwamitin Allison Ayida a tsakiyar shekarun 1990, sannan SERVICOM a 2004. Amma duk wanda ya taɓa bin sawun fayil a sakateriya ya san cewa tsarin ofisoshi ya sha canzawa a takarda, alhali halin da ake aiki a ciki bai gusa ba. A nawa ganin, masu warkar da damuwar zuciya ta hanyar tattaunawa suna da abin da za su koya mana game da wannan ciwo.

Shekaru da dama masanan wannan fanni sun yi ta jayayya a kan wace hanya ce ta fi: tono abin da ya faru tun yarinta, ko sauya tunani da ɗabi'a, ko kuwa sauraro da tausayawa. Tun a 1936 Saul Rosenzweig ya lura cewa hanyoyin sun yi tarayya a wasu abubuwa, kuma su ne ke kawo sauƙi. Daga nan aka samu masu haɗa hanyoyin wuri guda, suna duban mutum gaba ɗayansa: tunaninsa, da zuciyarsa, da jikinsa, da jama'ar da yake cikinsu. A 1979 Edward Bordin ya taƙaita sharuɗɗan nasara zuwa uku, wato a yarda da inda aka dosa, a yarda da aikin da kowa zai yi, kuma a samu amana tsakanin ɓangarorin biyu. Mu ma ba baƙi ba ne a nan, domin a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Wannan basira ta kai shi har muƙamin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

To, mu auna garambawul ɗinmu da sharuɗɗan Bordin. Akan kafa kwamiti a Abuja, a rubuta rahoto, a fitar da farar takarda, sai ƙaramin ma'aikaci ya ji a rediyo cewa za a haɗe hukumarsa da wata. Ba a tambaye shi inda aka dosa ba, bai san aikin da zai koma yi ba, amana kuwa ba a ma yi zancenta ba. Aski ne ake yi wa mutum ba ya nan.

Abu na biyu shi ne tsoro. A 1960 Isabel Menzies ta Cibiyar Tavistock ta wallafa bincikenta a kan ma'aikatan jinya na wani asibitin koyarwa a Landan, inda ɗalibai da yawa ke barin aikin kafin su kammala. Ta gano cewa asibitin, ba tare da saninsa ba, ya gina wa kansa garkuwa daga fargabar hulɗa da masu ciwo da masu mutuwa: an rarraba aiki gunduwa-gunduwa don kada kowa ya shaƙu da majinyaci, ana kiran mutum da lambar gadonsa, kuma kowace ƙaramar shawara sai an tura ta sama don kada laifi ya faɗa kan mutum guda. Garkuwar ba ta rage fargabar ba, sai ma ta kori masu hazaƙa. Wanda ya ga fayil ya ratsa tebur bakwai, kowa na rubuta "a duba a ba da umarni", zai gane wannan hoto.

Tsoron namu yana da asali. A 1975 gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammed, Allah Ya jiƙansa, ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take. Niyyar tsarkake aiki ce, kuma jama'a sun yi na'am, amma an haɗa da waɗanda ba a ba su damar kare kansu ba. Darasin da na baya suka ɗauka shi ne kujera ba ta da tabbas, don haka kada ka sa hannu, kada ka faɗi gaskiya, ka kuma tanadi na gobe tun yau. Masu tattaunawa da majinyata sun san cewa raunin da ba a yi maganarsa ba yakan koma ɗabi'a, har 'ya'ya su gada. Haka ma ma'aikata.

Abu na uku shi ne kunnen shugaba. A 1957 Carl Rogers ya nuna cewa mutum ba ya canzawa sai a gaban wanda ke fahimtarsa, yake girmama shi, kuma cikinsa da bakinsa ɗaya ne. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ga irin wannan a asibitocin Amurka a 1996: rukunonin jinya masu shugabanci nagari su ne suka fi kawo rahoton kuskuren ba da magani, saboda a can ne mutum ke iya cewa "na yi kuskure" ba tare da an ci mutuncinsa ba. A wurinmu fa? Darakta ya shigo taro, kowa ya miƙe, "ranka ya daɗe" ta cika ɗaki, a tashi babu wanda ya faɗa masa cewa aikin da aka ce an kammala ko tushe ba a haƙa ba. Girmama na gaba tarbiyya ce abar alfahari, amma idan ta toshe gaskiya, shugaban ne farkon wanda ta cutar.

Na san wani zai ce wannan zancen Turawa ne, kuma ɓarawo hukunci yake buƙata. Gaskiya ne, babu sauraron da zai maye gurbin albashi a kan lokaci, ko kotu ga wanda ya ci amanar dukiyar jama'a. Shugaba kuma ba likita ba ne, bai kamata ya riƙa tona asirin rayuwar na ƙasa da shi ba. Amma ma'anar haɗa hanyoyi ke nan: doka da ladabtarwa su yi aikinsu, amana da sauraro su yi nasu. Shawara kuwa addininmu ya riga kowa yin umarni da ita.

Saboda haka, kafin a haɗe kowace hukuma, a zauna da ma'aikatanta a faɗa masu gaskiyar abin da zai same su. A bambanta kuskure da ha'inci a cikin dokokin aiki, ta yadda wanda ya kawo rahoton matsala ba zai samu takardar tuhuma ba. Cibiyoyin horar da manyan ma'aikata irin su ASCON da ke Badagry da NIPSS da ke Kuru su sa sanin kai da iya sauraro cikin manyan darussansu. Babban Sakatare kuma ya samu wani amintacce da zai riƙa bitar shawarwarinsa da shi, kamar yadda masu wannan sana'a ke da na gaba da ke duba aikinsu.

A Janairun 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958, alamar mun fara yarda cewa ciwon zuciya ciwo ne. Saura mu yarda cewa ma'aikatu ma suna kamuwa da shi, in ba haka ba wani kwamitin za a sake kafawa. Allah Ya sa mu dace.