Wayoyin Saman Yamai

Tun da aka yi wa birnin Yamai kwalliya domin taron Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, aka gina manyan masaukai, aka shimfiɗa sababbin tituna, sai wata magana ta yawaita a bakin ƴan boko, wai wayoyin lantarkin da suka saƙe samaniyarmu abin kunya ne a gaban baƙo, gara a binne su cikin ƙasa kamar yadda aka yi a tsakiyar Paris. Ban ƙaryata idonsu ba, domin duk wanda ya ɗaga kai a Bukoki ko Talaje ko kewayen kasuwar Katako, ya ga yadda waya ta hau kan waya, wata ta rataya a reshen dogon yaro, wata a bisa sandar da iskar damina za ta iya kayarwa, ya san babu abin sha'awa a nan. Sai dai malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi, sun kasa maslaha gida uku, larura da buƙata da ƙawa, kuma ba su yarda a gabatar da ta ƙarshe a kan ta farko ba.

Waccan siririyar waya da ta tsallaka katanga, wadda mai tsara birni yake yi wa kallon ƙazanta, galibi tana da sababi sananne: magidanci ne ya samu mita daga kamfanin lantarki na NIGELEC, maƙwabcinsa kuwa bai da halin biyan kuɗin jawo wuta, ko kuwa turakun kamfanin ba su iso layinsu ba, sai ya ce masa, "Malam, ja ka kunna ƙwai ɗaya, ƙarshen wata ma yi lissafi." Da wannan ƙwai ɗalibi ke bitar karatunsa, da wannan waya uwargida ke daskarar da ƙanƙarar da take sayarwa lokacin azumi. Haƙƙin maƙwabtaka ne aka rataya a sama, ko da yake doka ba ta halatta shi ba, kuma mafsadarsa a fili take, tun da waya marar kyau ita ake yawan tuhuma duk sa'ad da gobara ta tashi a kasuwa.

Abin da ke tsakanin gida da gida, shi ne kuma tsakanin ƙasa da ƙasa. Tun 1976 babban layin da ya taso daga Birnin Kebbi, ya ratso ta Dosso, yake kawo wa Yamai wutar madatsar Kainji, har ya kasance kafin 2023 mafi yawan lantarkin da Nijar ke sha daga Nijeriya yake zuwa. Da aka yanke shi a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, ba a ji wanda ya yi kukan munin turaku ba. Tela da mai walda da majinyaci kowa tambayarsa ɗaya, yaushe za a kawo wuta, alhali injinan Gorou Banda da na Goudel ba su wadatar da birni, madatsar Kandaji kuwa har yau ana dako. Sai cikin 2024 aka mayar da wutar Nijeriya.

Binne waya tsadarsa ta ninka ta kafa turaku sau da yawa, balle a birnin da kogin Kwara ya shanye unguwannin Harobanda a ambaliyar 2020. A ganina, kuɗin da za a zuba a rami domin unguwar Filato ta burge baƙi, a sayi turaku da taransifoma da su, a kai unguwannin bayan gari, a sassauta kuɗin mita, a bari talaka ya biya kaɗan-kaɗan. Ranar da kowane gida ya samu mitarsa, maƙwabci da kansa zai hau tsani ya kwance tasa wayar, ba sai an aiko masa da ɗan sanda ba.