Jirgin Ƙasa Na Cikin Gari A Katsina: Mu Fara Da Lissafi Kafin Alkawari

'Yan uwa, tunda aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya ratso jiharmu, ake ta jin masu cewa ai saura jirgin cikin gari irin na Abuja da Legas. Kuma yadda 2027 ke ƙaratowa, kada ku yi mamaki idan wani ya ɗauko maganar ya kai ta kan dandamalin kamfe. Buri ne mai kyau, amma kafin mu tafa, ya kamata mu zauna mu yi lissafi.

Matsalar dai gaskiya ce. Duk wanda ke bi ta Ƙofar Kwaya da safe ya san yadda Keke Napep da babura da motoci ke cakuɗewa. Hanyar Dutsin-Ma kaɗai tana ɗauke da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ɗalibai da ma'aikata su fita da safe, su dawo da yamma. Gadojin ƙasa na Ƙofar Kaura da Ƙofar Kwaya da aka yi zamanin Masari sun sauƙaƙa wa mai mota, amma talakan da ba shi da abin hawa har gobe yana biyan kuɗin Napep, kuɗin da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

To, jirgi ne maganin? Mu duba waɗanda suka riga mu.

Jirgin cikin gari na Abuja, Buhari ya buɗe shi a 2018, bayan an kashe sama da dala miliyan 800 a kan kilomita 45 ko kusa da haka. A 2020 ya tsaya cak, sai a watan Mayun 2024 aka sake tayar da shi. Babban aibinsa shi ne tashoshi da dama sun yi nesa da inda jama'a ke zaune, wasu ma a da babu hanyar kirki da za ta kai ka. A Addis Ababa ta Habasha an buɗe nasu a 2015, kilomita 34 a kan dala miliyan 475, galibi bashin China. Can akwai fasinja kam, amma rashin kayan gyara ya sa jirage da yawa suka kwanta a gareji. Nan kusa a Kano, tun zamanin Ganduje aka yi ta cece-kuce kan ciwo bashi domin jirgin cikin gari, har ya sauka daga mulki ba a shimfiɗa dogon ba.

Yanzu mu kawo lissafin gida. A farashin Habasha, kowace kilomita ta ci kusan dala miliyan 14. Layi ɗaya mai kilomita 10 zai ci dala miliyan 140 ke nan. Idan ka sa dala a naira 1,500, kuɗin ya kai naira biliyan 210. Wannan fa farashin shekara goma da suka wuce ne, kuma ba a sa diyyar gidaje da shagunan da za a rusa ba. Jihar da ke fama da matsalar tsaro a Batsari da Jibiya da Safana, ga makarantu ga asibitoci, daga ina za ta yanko wannan kuɗi? Idan bashi ne, da dala za a biya, fasinja kuwa da naira zai sayi tikiti. Ga kuma wutar lantarki, domin jirgi irin wannan ba ya jiran a dawo da wuta.

Sai batun fasinja. Jirgi na biyan kansa ne a inda dubban mutane ke bin hanya ɗaya daga asuba har dare. Cunkosonmu na sa'o'i ne, safe da yamma, kuma da makarantu sun tafi hutu hanyar Dutsin-Ma sai ta yi sauƙi. Wa zai cika taragon da azahar?

Legas ɗin da muke misali da ita ma ba da jirgi ta fara ba. A 2008 ta fara da manyan motocin bas masu layinsu na musamman daga Mile 12 zuwa CMS. Jirginta na farko bai fara ɗaukar fasinja ba sai a watan Satumban 2023, shekara 15 bayan nan. Da rarrafe yaro kan tashi.

Saboda haka ga abin da ya dace mu nema daga duk mai neman ƙuri'armu. A fara ƙirga fasinjojin da ke bin Ƙofar Kwaya da Ƙofar Kaura da Ƙofar Guga, a fitar da alƙaluman kowa ya gani. A ba hukumar KTSTA manyan bas na cikin gari, masu tasha sananniya da lokaci tsayayye da farashi mai sauƙi ga ɗalibi. A haɗa su da tashar jirgin Kano zuwa Maraɗi, domin wanda ya sauka ya samu abin da zai shigar da shi gari. A zauna da ƙungiyoyin masu Napep a ba su aikin kwaso mutane daga lunguna zuwa tashoshin bas, kada a raba su da abincinsu. Sannan tun yanzu a keɓe fili a gefen manyan hanyoyi da sabbin unguwanni, a hana gini a kai, domin ranar da garin ya kai munzalin jirgi kada diyya ta cinye kuɗin aikin.

Idan bas ɗin suka cika maƙil shekara da shekaru har suka gaza, to jirgi ya samu hujja, mu ma za mu shige gaba wajen neman sa. Kafin nan, duk ɗan takarar da ya zo mana da hoton jirgi a fasta, mu tambaye shi abu uku: nawa ne, wa zai biya, kuma mutum nawa za su hau a rana? Idan ya fara kame-kame, kun san sauran.