Filin Kwamfuta a Gida: Zaɓen Faifan Ajiya na Waje

 

A yau gidaje da yawa sun tara abubuwa masu daraja a cikin kwamfuta ɗaya tak: hotunan suna da na biki, muryar dattijon da ya riga mu gidan gaskiya, hoton takardar fili da ta haihuwa, lissafin shago, da kundin kammala karatu wanda ɗalibi ya shekara yana rubutawa. Kwamfuta kuwa takan lalace, akan sace ta, yaro ma yana iya ɓarar mata da shayi. Kariya mafi sauƙi ita ce faifan ajiya na waje, wanda masu shagunanmu suke kira "disque dur externe".

Kafin maganar saye, akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. Mutum zai ga kwamfutarsa ta cika, sai ya kwashe hotuna ya zuba a faifan waje, ya goge na cikin kwamfutar, ya ce ya yi ajiya. Ai wannan sauya wa kaya ɗaki kawai ya yi. Abin da yake wuri ɗaya ba shi da madadi, ko a ina wurin yake. Ana samun kariya ne idan abu ɗaya yana zaune a wurare biyu ko fiye a lokaci guda.

Fayafayan da ke kasuwa iri biyu ne. Na farko shi ne mai juyawa, wato HDD, wanda kamfanin IBM ya fara fitar da kakansa a 1956. A cikinsa akwai faranti mai maganaɗisu, wanda a ƙananan fayafayai yakan juya sau 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 a kowace daƙiƙa. A samansa akwai ɗan hannu mai kama da allurar garmaho, sai dai ba ya taɓa farantin, yana shawagi ne a kansa da tazarar da ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa faɗuwa ɗaya daga kan teburi, musamman yayin da faifan yake aiki, take iya kashe shi. Na biyu shi ne SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jure girgiza, kuma ya fi tsada ƙwarai idan aka auna da yawan abin da yake ɗauka. Shi ma yana da nasa rauni: bayanansa suna zaune ne a matsayin ɗan cajin lantarki, kuma ma'aunin JEDEC da masana'antu suke bi ya nemi SSD na gida da ya tsufa ya riƙe bayanai shekara 1 ba tare da wuta ba, a zafin digiri 30. Idan zafi ya ƙaru, wa'adin yana raguwa.

A ganina, wanda yake yawo da faifansa a kan babur kullum, SSD ya dace da shi. Amma ga ajiyar gida, wadda za a ɗauko sau ɗaya a mako a mayar cikin akwati, gara mutum ya sayi HDD guda biyu da kuɗin da zai kashe a kan SSD ɗaya.

Game da girma, a fara duba nawa ne kayan da ke cikin kwamfuta da wayoyin gidan baki ɗaya, sannan a sayi faifan da ya ninka haka aƙalla sau biyu, domin ajiya tana ƙaruwa, kuma manhajar ajiya takan riƙe tsoffin kwafi tare da sababbi. A jikin kwali za a ga Go da To idan da Faransanci aka rubuta, ko GB da TB. Duk abu ɗaya ne. Ga yawancin gidaje 1 To ko 2 To ya wadatar. Kada kuma a yi faɗa da mai shago idan an haɗa faifan 1 To aka ga Windows ya nuna 931 Go. Masu ƙera faifai suna ƙirga da 1000 ne, Windows kuma da 1024, bambancin ke nan.

Akwai ƙaramin faifai mai inci 2.5, wanda yake shan wutarsa daga kebul ɗin USB, akwai kuma babba mai inci 3.5, wanda sai an jona shi a bango da cajarsa. A garuruwan da wuta take ɗaukewa ba sallama, ƙaramin ya fi kwanciyar hankali, domin idan yana haɗe da kwamfutar tafi-da-gidanka batirinta zai ci gaba da riƙe shi. Babban kuwa, wuta tana tafiya zai tsaya a tsakiyar rubutu, kuma a nan ne fayiloli suke lalacewa.

A tabbatar faifan mai USB 3 ne, wanda sau da yawa cikin bakinsa shuɗi ne. Kwafar 500 Go ta tsohuwar ƙofar USB 2.0 tana cin fiye da awa 4, ta USB 3 kuwa kimanin awa ɗaya da kwata. Sunayen USB 3.0 da 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 duk gudu ɗaya suke nufi, suna ne kawai aka yi ta sauyawa, saboda haka ba dalilin ƙara kuɗi a kansu.

Tambayar da aka fi yi ita ce wane kamfani ya fi. Gaskiyar magana, masu ƙera HDD a duniya uku suka rage: Seagate da Western Digital da Toshiba. Seagate ya sayi Maxtor a 2006, ya sayi sashen fayafayan Samsung a 2011, Western Digital kuma ya sayi na Hitachi a 2012. Duk sunan da ke jikin murfi, faifan da ke ciki na ɗayan ukun nan ne, kuma kowannensu yana mutuwa. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda yake aiki da dubban fayafayai, ya bayyana a 2013 cewa kusan kashi 80 cikin 100 na fayafayansa sun kai shekara 4 suna aiki. A juya maganar: kusan ɗaya cikin biyar bai kai ba. Binciken ya kuma nuna cewa mutuwar ta fi yawa a farkon rayuwar faifai, saboda aibin da ya fito da shi daga masana'anta, sai kuma bayan shekara ta uku.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci a kasuwanninmu shi ne hannun da za a saya. Jabu ya yi yawa. Akwai ɗan ƙaramin abu da ake tallatawa a matsayin SSD mai 16 To ko 30 To a farashin banza. Idan aka buɗe, ɗan katin ajiya ne a ciki, an koya masa ya yi wa kwamfuta ƙarya. Zai karɓi duk abin da aka ba shi, sunayen fayiloli za su bayyana, amma ranar da aka zo buɗewa sai a tarar babu komai. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana. Akwai kuma tsohon faifai da ake sa wa sabon murfi. Manhaja biyu na kyauta suna tona asirin waɗannan. H2testw tana cika faifan da rubutu daga farko har ƙarshe, sannan ta karanta ta ga ko ya dawo daidai. Aikin yana iya cin wuni guda, amma a yi shi tun faifan yana fanko. CrystalDiskInfo kuma tana nuna lafiyar faifan da yawan awoyin da ya yi yana aiki. Ko wannan lissafin ana iya goge shi: a farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise a Jamus ta ba da rahoton fayafayan da suka yi shekaru suna aiki, aka mayar da lissafinsu sifili aka sayar a matsayin sababbi. Don haka a karɓi rasit, a yi sharaɗin mayarwa da mai shago, a kuma shigar da lambar jikin faifan a shafin kamfanin domin a ga ko garantinsa yana nan.

Gidan da Windows kaɗai ake amfani da shi ya bar faifan a tsarin NTFS. Idan akwai Mac a gidan, exFAT ne duka biyun suke iya rubutu a kai. A guji FAT32, domin ba ya karɓar fayil da ya wuce 4 Go, kuma bidiyon biki ɗaya yana iya wuce haka.

Idan an saya, ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. A wurinmu wannan ba wuya: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan gida, ɗaya kuma a faifan da aka ba ɗan uwa amintacce a wata unguwa, ana musanya su duk wata. Gobara da ambaliya da ɓarawo ba sa ɗaukar kwamfuta su bar faifan da ke kusa da ita. Windows yana da File History, Mac yana da Time Machine, dukansu suna yin kwafin da kansu da zarar an saita su.

Ana gama kwafi a cire faifan ta hanyar da kwamfuta ta tanada, kada a fizge. Barinsa a haɗe kullum haɗari ne, domin ƙwayoyin cutar da suke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe kusan 150 a watan Mayu na 2017, suna kulle har da faifan da suka tarar a jone. Kada kuma a kai shi wurin buga takardu ko wanke hoto. Ƙaramar kile ta USB ta isa wannan aiken. Zafin da kamfanoni suke yarda ƙaramin faifai ya yi aiki a cikinsa galibi ba ya wuce digiri 35 ko 40, alhali Yamai da Maraɗi da Garwa suna haura haka a bazara, saboda haka a yi kwafi da sassafe ko da dare, a ajiye faifan a rufe nesa da rana da ƙura.

Wanda yake da takardun sirri yana iya kulle faifan da BitLocker, idan Windows ɗinsa yana da shi, ko da VeraCrypt ta kyauta. Sai dai kalmar sirrin da aka manta ba mai gyaran da zai iya dawo da ita. A rubuta ta a takarda, a sanar da mutum ɗaya a cikin iyali inda take, domin idan ta Allah ta kasance magada su iya kaiwa ga takardun. Sannan duk bayan wata biyu ko uku a haɗa faifan, a buɗe hotuna da takardu kaɗan daga wurare daban-daban, a tabbatar suna buɗuwa.