Wa Ake Turawa?

Yau maganarmu a Kanada take, a kan 'ya'yan mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar.

A ƙidayar 2016, yaran 'yan asalin ƙasar ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran Kanada ba, amma sun haura rabin yaran da hukuma ta raba da gidajensu ta bayar riƙo. Rabi da ɗoriya, jama'a! A wannan shekarar ce kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce ana nuna wa da yawa daga cikinsu wariya wajen rabon kuɗin kula da yara. Daga baya an amince da diyyar dalar Kanada biliyan 23. Madalla. To amma ni tambayata guda ce: wa ake turawa gidajen nan?

Wa ake turawa? Baƙo daga birni, da takardar digiri da jakar fayil. Bai iya yaren ba, bai san dangin ba. Ya shiga gida ya tarar da yaro a hannun kakarsa, sai ya rubuta cewa uwa ta yi watsi da ɗanta. Ya ga mutum goma a ɗaki biyu, tukunya ba nama, sai ya rubuta sakaci. Talauci ne ya gani, ya sa masa suna sakaci, washegari mota ta zo ta ɗauke yaro. Mu da muka san riƙo, muka san gwaggo da inna da kaka duk iyaye ne, ba sai an yi mana bayani ba. Inuit ma, waɗanda ke cikin 'yan asalin ƙasar, haka suke tun kaka da kakanni, har doka ta san da riƙonsu na gargajiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma mutanen nan suna da dalilin firgita in sun ga baƙo da fayil. Yara kusan 150,000 aka kwashe zuwa makarantun kwana inda ake dukansu in sun yi yarensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe.

A makaranta ma tambayar ce dai. Yankin Nunavut da ke arewacin Kanada, wajen kashi 85 cikin 100 na jama'arsa Inuit ne, amma a aikin gwamnati da ƙyar suke riƙe da rabi. Malami ya zo daga kudu, ya yi shekara ɗaya ko biyu, kafin ya haddace sunayen ɗalibansa ya haɗa kayansa. A 2020 aka ɗage wa'adin kai koyar da harshen Inuit har ajin ƙarshe zuwa 2039, saboda ƙarancin malamai. Yaron da aka haifa a 2020, zai kusa shekara 20 kafin alkawarin ya cika.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gida. Baƙo yakan sami gidan ma'aikata, ɗan gari mai aiki iri ɗaya yana cushe da danginsa. Yaya zai daɗe a aikin?

Masu ɗaukar ma'aikata, don Allah ku duba garuruwan nan. Ga matan da suka shekara suna taimaka wa malamai a aji da yarensu. Ku ba su horo a garinsu, ku ba su gida, ku ba su ajin.