Ƙurajen fuska: a bar man bilicin, a koma ga na gida

'Yar uwa, don ƙurji ya bar miki tabo sai ki ruga neman man bilicin? Tun 2016 Ghana ta hana shigo da mayuka masu sinadarin haidirokwinon, amma har yau ana sayar da su a ɓoye. Haskensu na ɗan lokaci ne, daga baya tabon ya fi na da baƙi.

Ki wanke fuska safe da dare da sabulun salo, ki daina matse ƙurji. In hunturu ya busar da fatar, ɗan man kaɗe ya isa. Lemun tsami da man goge baki kuwa, kul, ƙona fata suke. Makero, ko ƙurajen da suka wuce wata biyu ba sauƙi, sai asibiti. Fata haƙuri take so.