Mu Zana Gonakin Jiwa Tun Suna Nan

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai darasi guda da ake yi wa riƙon sakainar kashi a makarantunmu, watau darasin zane. In lokacinsa ya yi, sai malami ya zana kofi ko ƙwallo a allo, ya ce yara su kwafa, shi kuwa ya koma gefe yana duba littattafan lissafi. A ganina wannan hasara ce babba. Zan kafa hujja da labarin wani mutumin ƙasar Holan, wanda shi ma takardar malanta ya fara samu, irin wadda muke nema.

Sunansa Piet Mondrian. An haife shi a garin Amersfoort cikin 1872. Ubansa hedimasta ne, kuma shi da wani baffan yaron mai suna Frits suka fara koya masa zane. Cikin 1880 suka ƙaura zuwa Winterswijk, wani gari na karkara kusa da iyakar Jamus. Ya ci jarrabawar zama malamin zane, sa'an nan cikin 1892 ya shiga babbar makarantar zane ta Amsterdam.

To, me ya riƙa zanawa? Abin da ke ƙofar gidansu: gonaki, da gidajen manoma, da shanu, da itatuwan bakin kogi, da injinan niƙa waɗanda iska ke juyawa. Cikin 1904 har ya tare a ƙauyen Uden wajen shekara guda, yana zana gidajen gona. Da yawa daga cikin zanensa na lokacin nan da fentin ruwa ya yi su, watau launin da ake damawa da ruwa a shafa a takarda. Fentin nan yana bushewa da wuri, in an kuskure kuwa gyara da wuya, saboda haka tilas mutum ya duba da kyau kafin ya ɗora burushi.

Wajen 1912 ya koma birnin Paris na Faransa, ya yi ta rage rassan itatuwan da yake zanawa, har a ƙarshe aikinsa ya zama baƙaƙen layuka a miƙe, da ɗakuna masu kusurwa huɗu, wani ja, wani rawaya, wani shuɗi. Da wannan ya yi suna a duniya, ya rasu a New York ta Amurka cikin 1944. Amma fa sai da ya shekara goma sha biyar da ɗoriya yana kallon gona kafin ya kai nan. Da rarrafe yaro kan tashi.

Yanzu mu dubo gida. Jiwa garin manoma ne tun kafin a yanke ƙasar Babban Birnin Tarayya cikin 1976. Tun da gwamnati ta taso daga Ikko cikin 1991, gine-gine suke ta matsowa ta wajen Gwagwa da Dei-Dei, inda ake shuka dawa bara sai ka ga bulo bana. Kunyoyin doya a jere, da rumbu, da garma, da matan Gbagyi ɗauke da kaya a kafaɗa, duk abin zanawa ne. In ba mu sa yara sun lura da su yanzu ba, 'ya'yansu sai dai su ji labari.

Na san wani zai ce, ai ga waya a aljihu, a ɗauki hoto mana. Gaskiya ne, a ɗauka. Amma waya takan gama aikinta kafin ƙiftawar ido, yaron bai ga kome ba. Wanda ya zauna rabin sa'a yana zana karan dawa, shi zai gaya maka yadda ganye ke fita daga gaɓa, kuma wannan ilmin zai bi shi har darasin kimiyya da na aikin gona.

Wani kuma zai ce babu kuɗin fenti. To, abin da ke riƙe launi cikin fentin ruwa na kanti ƙaro ne, wanda ake ɗiba a Barno da Yobe da Jigawa, kuma da shi almajirai ke haɗa tawada tun kaka da kakanni. A dama shi da gawayi, ko jar ƙasa, ko baba, ko gangamau, an sami launi huɗu. A tauna bakin asawaki, ga burushi. Iyayen da ba su son a zana mai rai kuwa, mu girmama ra'ayinsu, ɗansu ya zana rumbu da tudu da itace.

Shawarata ita ce, duk wanda aka tura gwajin koyarwa a cikinmu ya fita da ajinsa bakin gona, ko da sau ɗaya a wata, da izinin hedimasta da na mai gona. Kowane yaro ya rubuta sunan wurin da kwanan wata a ƙasan takardarsa, a tara su a makaranta. Bayan shekara ashirin, takardun nan za su nuna wa mutanen Jiwa yadda ƙasarsu take a da. Allah ya sa mu zama malaman da ke buɗe wa yara ido, amin.