Ƙuri'ar WhatsApp Ba Muryar Kontagora Ba Ce



Wata ɗabi'a ta shigo mana wadda ya kamata mu taka mata birki. Sai mutum ya buɗe ƙuri'a a Facebook ko WhatsApp, mutum ɗari biyu su danna, gobe ya miƙe a taro ya ce "mutanen Kontagora sun amince". Waɗanne mutanen Kontagora?

Masana ƙididdiga sun bambanta abu biyu. Akwai ɗaukacin jama'ar da ake magana a kansu, akwai kuma samfuri, wato 'yan kaɗan da aka tsamo aka tambaya a madadin kowa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kontagora mutum sama da 150,000. Tun daga nan ba a sake ƙidaya a Najeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yau mun fi haka nesa ba kusa ba.

Tambayar mutum kaɗan ba laifi ba ne, yadda aka tsamo su shi ne magana. Mai sayen masara ba ya zazzage buhu a ƙasa, amma ba ya yarda da ta saman buhu, sai ya tura hannu ciki, don ya san a sama ake zuba mai kyau. Ƙuri'ar waya saman buhu ce: mai babbar waya, mai data, mai iya karatu. Manomin Rafin Gora, uwar gida a Tungan Kawo da dattijon da rediyo ne kawai abokinsa, duk ba sa ciki.

Wani zai ce ai idan dubbai suka danna shi ke nan. Ba haka ba ne. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsar mutum sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Daga littafin tarho da rajistar masu mota ta kwaso sunaye da yawa, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48.

Abin ba wasa ba ne, kuɗin ƙungiya ne da sunan gari. Idan 'yan waya kaɗai aka tambaya tsakanin filin ƙwallo da rijiyar burtsatse, masu ɗiban ruwa ba su yi magana ba, kuma su za su ɗanɗana kuɗarsu.

Don haka duk wanda ya zo mana da "jama'a sun ce", mu tambaye shi: mutum nawa, daga wace mazaɓa, ta yaya aka zaɓo su? Idan ra'ayin gari muke nema, a bi kowace mazaɓa, maza da mata, birni da ƙauye. In ba haka ba, a rubuta gaskiya: ra'ayin 'yan zaurenmu ne.

Allah Ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya